Sanarwar Rasuwar Delu

"…da ruwa kuma, Gwaggo?" in ji Imrana, yana kakkaɓe jakar kwamfutarsa a bakin ƙofar shago.

"Ruwa ya yi gyara," na ce masa. "Shigo ka turo ƙofar."

Ya shigo, ya dubi bencin da ke jikin bango, ya ja da baya kamar wanda ya taka garwashi. "Wace ce wannan? Ni an ce mini tun Litinin ta rasu."

"Na rasu mana," in ji Inna, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Kai ne dai ba ka zo gaisuwa ba. Miji ke nan, matarsa ta kwana uku da mutuwa bai aiko da ko ɓarin goro ba."

"Ina zan san da gaske ne? Sau nawa kina yi mini alkawari kina fasawa?"

Ni ce Rahma. Shagon buga takardu ne namu a unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Douala, na mahaifina Alhaji Abdulsalami, ni nake riƙe da shi tun da Allah Ya karɓi abinSa shekara shida ke nan. Tsohuwar da ke kan benci mahaifiyata ce, Hajiya Delu. Imrana jikanta ne, ɗan yayana, yana aikin kwamfuta a wani ofis a Bonapriso. Tun yana goye take kiransa miji, shi kuma da bakinsa ya buɗe a kanta ya fara gwada kaifinsa, har yau babu wanda ya ajiye makami.

Abin da ya sa na kira shi ba na dariya ba ne. Saura kwana goma bikin 'yata Naja'atu, tsawa ta kashe mini kwamfutata. Sai na jawo tsohuwar ta Baba daga ƙarƙashin tebur, na haɗa ta da tsohuwar firintarsa, wadda ta fi ƙarfin tsawa da ambaliya da ɓeraye. Na rubuta katin gayyata, a fuskar kwamfuta tsaf, babu ɗigon da ya kauce. Inna tana tsaye a kaina, tana jira ta karɓi katin farko ta sa masa albarka. Da katin ya fito, sai ga baƙin zane kewaye da shi, a sama an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un da Larabci, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe: Hajiya Nana Hadiza Delu, matar marigayi Alhaji Abdulsalami, ta rasu yau. Ga kwanan watan ranar, Litinin, zaune daram a gurbinsa. Sunan amarya da na ango sun hau kan rubutun sun cakuɗe.

Inna ba ta yi boko ba, amma ta san Inna lillahi in ta gani, ta kuma san surar sunanta. Ta sa ni na karanta mata sauran, ban isa in yi mata ƙarya ba.

Na kwashe rubutun gaba ɗaya na zuba a sabon shafi, abin ya biyo ni. Na buga wa wani takardar neman aiki, ta fito fes. Katin bikin kaɗai yake bi. Talata da na sake gwadawa, kwanan watan ya matsa zuwa Talata. Yau Laraba. Tun daga Litinin ɗin Inna ta daina shan maganin hawan jininta, abinci sai ruwan shayi, ta rabar da tukwanenta ga maƙwabta, ta fito da likkafanin da ta wanke da zamzam, ta ɗaure shi a ɗankwali tana yawo da shi. Kullum da safe ta zo ta zauna a kan bencin nan, wai ta zo karɓar takardarta ta ranar.

Kati kam ba wuya, in na hau benskin, babur ɗin haya, zuwa unguwar Deïdo cikin awa ɗaya an buga mini. Amma wa zai fitar mini da takardar nan daga kan uwata? Haushinta nake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa, don mace mai shekara saba'in da shida in ta sa ranta ta tafi, tafiya take yi. Ni kuma 'ya ce, ba ni da bakin da zan yi mata maganar mutuwarta gatsau. Imrana kaɗai ke da wannan lasisin.

Ya ajiye jaka, ya ɗauki ɗaya daga cikin katunan ya juya shi. Na lura murmushinsa ya ɗan ragu, amma bakin bai mutu ba.

"To, amarya," ya ce, "ashe tsohon mijinki bai haƙura ba. Ina raye, ina New Bell, yana aiko miki da wasiƙa?"

"Shi ya san darajar mace. Kai ko makala, fanken sefa hamsin, ba ka taɓa saya mini ba."

"Da wane haƙori za ki ci?"

"Da wanda na tauna maka nama kana majina."

"Bon. Mene ne a ƙullin nan? Kayan lefe?"

"Kayan tarewa ne," ta ce, ta ƙara rungume ƙullin likkafanin. "An kira ni. Kai kuma an kira ka gyaran akwati, yi abin da ya kawo ka."

Azahar ba ta yi ba, amma sararin Douala ya haɗe ya yi baƙi ƙirin, sai da na kunna fitila. Ruwa yana dukan kwano, kwatar da ke ƙofar shago ta cika tana tafe da robobi. Imrana ya zauna a kujerar Baba, ya buga wata wasiƙa ta fito lafiya, ya buga katin ya fito da baƙin zanensa da Larabarsa. Inna ta miƙa hannu ta karɓa, ta ninke, ta cusa a cikin ƙulli wurin 'yan'uwansa biyu.

Ya bayyana mini abin da zai yi, ya kuma ɗaga murya don ta ji. Ya ce abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta daban, abin da kwamfuta ke faɗa wa firinta ta cikin waya daban. Kamar ka aiki mutum ne, ka san abin da ka faɗa masa, amma ba ka san abin da ya isar ba. Don haka zai tare ɗan aiken a hanya ya zazzage masa jaka. Ya umarci kwamfutar ta rubuta saƙon a fayil maimakon ta tura wa firinta, ya kwashe fayil ɗin ya buɗe a tasa. Fuskar ta cika da lambobi da baƙaƙe bibbiyu, layi bisa layi, a gefen dama kuma wasu tarkacen alamomi da ɗan rubutun da ake iya karantawa jefi-jefi.

Inna ta leƙo. "Hatimi ne wannan?"

"Hatimin Nasara."

"Ai na faɗa. Ubanka ya kashe kuɗi ya kai ka makaranta, ashe duba ka koyo. Da ƙasa aka zuba maka a faifai da ya fi araha."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana, tsohuwa. Zauna ki ga aiki."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Kai ko kakin ba ka kai ba."

Ya nemi sunan Naja'atu a cikin lambobin, ya same shi, ya nuna mini a gefen dama. Ya nemi sunan ango, ga shi. Ya nemi kwanan wata, ga Laraba nan. Sannan ya rubuta sunan Delu. Kwamfutar ta ce babu. Ya rubuta Hadiza, babu. Ya rubuta kalmar rasu, ya rubuta marigayi, ya gwada da manyan baƙaƙe da ƙanana, duk babu. Ya duba ko hoto ne aka tura, ya ce fayil ɗin ya yi ƙanƙantar da ba zai ɗauki hoto ba. Ya jingina da kujera yana kallon lambobin.

"Mene ne?" na tambaye shi.

"Gwaggo, kwamfutar ba ta aika wannan rubutun ba."

"To wa ya aika?"

Inna ce ta amsa, cikin natsuwa. "Kun bar jaki kuna dukan taiki. Na gaya muku wanda ya aiko."

A daidai nan aka ɗauke wuta. Shagon ya yi duhu, sai hasken kwamfutar Imrana a fuskokinmu uku, da ƙarar ruwa. Ina jin numfashin Inna, ina ƙirga shi ban sani ba. Ba a fi minti biyar ba wutar ta dawo, firintar ta yi gurnani ta fara ɗumama, sai wani ƙamshi ya tashi daga cikinta, miskin Baba. Da hankicinsa yake goge ta kullum, in ta yi zafi ƙamshin kan fito, na san haka sarai, amma duk da haka sai da na yi a'uziyya. Kafin wani ya taɓa komai, ta ja takarda da kanta, ta turo wani katin mai baƙin zane.

"Wa alaikumus salam," in ji Inna a hankali.

"Aiki ne ya maƙale a layi," in ji Imrana da sauri. "Ɗazu sau biyu na danna. Courant ya dawo, ta ƙarasa."

"To me ya sa muryarka ke rawa, jarumi?"

"Sanyi ne. A benskin na zo, ruwa ya dake ni."

"Ashia, sannu. Zo in goya ka."

"Ki fara iya ɗaukar ƙafarki tukuna."

Ya gyara zama, ya ce ruwa ba ya tsami banza. In rubutun ba ya cikin saƙon, to akwai abin da ke cikin saƙon da ke kiran rubutun. Ya tare saƙon wasiƙar da ta fito lafiya, ya jera shi kusa da na katin, ya shiga bin kawunansu layi-layi da yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya ce farkon kowane saƙo gaisuwa ce da umarni: ga girman takarda, ga gefen da za a fara, ga irin baƙaƙen. Duk iri ɗaya ne a guda biyun. Aikin ya ɗauki lokaci, Inna kuwa ba ta bar shi ya yi shi cikin salama ba.

"In ka gama dubar, ka duba mini ko za ka yi aure."

"Ina da mata. Ta ƙi mutuwa ta ƙi sakina."

"Shekara ashirin da tara, gwauro, sai wayoyi a jaka kamar ɓarawon kwano. 'Yan matan Bépanda ma sun gan ka sun tsallaka titi."

"Labarinki suka ji. An ce musu akwai wata a gida mai rabon tukwane."

"Kai me zan bar maka? Butar bayan gida."

"Na gode, ita ma ta fi ki ƙuruciya."

Yana cikin faɗar haka yatsansa ya tsaya. Ya matso da fuskarsa, ya kira ni in duba. A saƙon katin akwai lambobi bakwai a jere da babu su a na wasiƙar: 1B 26 66 32 79 34 58. Ya ce na farkon tamkar gyaran murya ne, yana gaya wa firinta abin da ke biye ba rubutu ba ne, umarni ne. Sauran kuma cewa suke yi, ɗauko takarda ta biyu da ke ajiye a cikinki, ki shimfiɗa ta a kan kowane shafi. Ya ce irin waɗannan tsofaffin firintocin suna da ɗan rumbu a ciki, ana iya ajiye musu zane su riƙe shi shekara da shekaru ko an kashe wuta. Masu shaguna kan yi haka da rubutun Larabci da zanen gefe, don kada su lalace a hanya ko su ɗauki rabin yini suna tafiya a waya.

Ya tambaye ni a ina na fara rubuta katin. Sai a lokacin na tuna, kunya ta kama ni. Na ga wani fayil a kwamfutar Baba mai suna DELU, na buɗe na tarar da farin shafi, sai ɗan kwanan wata a tsakiya. Na ɗauka shafin da yake yi wa Inna katunan walima ne, na ce albarka ce, na rubuta gayyatar a kai, kwanan watan ma na bar shi. Imrana ya buɗe fayil ɗin, ya danna abin da ke tona ɓoyayyun alamomi, sai ga umarnin kwance a kan layin farko, ga kwanan watan kuma irin mai sabunta kansa kullum. Da na kwashe rubutuna zuwa sabon shafi, har da su na kwasa.

"Voilà," ya ce, ya juya ga Inna yana murza hannu. "Babu aljani, babu kira. Kishiyata ce ta maza, tsohon nan, ya shirya takardar tun yana raye ya ajiye a cikin imprimante, firintar nan, don ranar da aka buƙata a buɗe a danna kawai. Gwaggo ta taka masa wutsiya. Tashi ki sha maganinki."

Na yi zaton an gama. Inna ta dube shi kamar yadda take duban mai kifin da ya faɗi tsada.

"Karanta mini layi na biyu," ta ce.

"Matar marigayi Alhaji…"

"Tsaya nan. Marigayi. Kai da ka yi boko, gaya mini, wane mai rai ne zai zauna a kujera da shayinsa a gefe ya rubuta wa kansa marigayi? Shekara hamsin da ɗaya ina tare da Malam, ko zancen ciwon kai ba ya so a yi masa. Wanda ya rubuta wannan ya riga ya san inda yake."

Ni ma abin da ke cin raina ke nan tun Litinin. Ruwan ya ɗan lafa, ana jin ɗigarsa daga indararo cikin bokiti, ɗaya bayan ɗaya.

Ya koma ga lambobin ya zuba musu ido. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, in akwai ta biyu ai akwai ta ɗaya. Ya share duk saƙon ya bar umarnin da kwanan wata, ya sa yatsa a kan 32, wanda ya ce shi ke nufin ta biyu, ya mai da shi 31. Ya ce in cire ƙananan katunan in sa cikakkiyar farar takarda. Na sa. Ya tura saƙon kai tsaye.

Firintar ta yi gurnaninta, miskin ya sake tashi. Takardar ta fito da zafinta, baƙin zane iri ɗaya, Inna lillahi iri ɗaya. Imrana ya ɗauka, ya fara karantawa da muryar wasa, kafin ya kai ƙarshen layin farko muryar ta koma tasa ta gaskiya.

"Alhaji Abdulsalami mai buga takardu, New Bell, ya rasu yau Laraba. Ya bar matarsa Hajiya Nana Hadiza Delu, da 'ya'ya biyar. Yana roƙon duk wanda ya ɓata wa takarda ko rai ya yafe masa."

Na zauna a kan kwalin takardu. Ranar da Baba ya rasu da gaske, a wani shago can aka buga mana faire-part, sanarwar rasuwar, cikin gaggawa, da Faransanci, har sunansa aka rubuta ba daidai ba, mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara wa mutane sunayen matattunsu. Ashe tasa tana nan a gabanmu, taku biyu daga inda muka zauna muna kuka. Ya sha ce mini akwai abin da zai nuna mini a firintar, ni kuma ina cewa gobe, Baba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Inna ta karɓi takardar ta riƙe da hannu biyu, ta daɗe tana kallon sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba.

"Akwai ta uku ma a ciki," in ji Imrana ƙasa-ƙasa, yana duban jerin da ya sa firintar ta nuna masa. "Ban san ta wane ne ba."

"Bar ta ta yi barcinta," in ji Inna. Na ji daɗi da ya janye hannunsa.

Ya share fuska da tafin hannu, ya jawo wasan da ƙarfi kamar mai jawo akuya. "To kin gani, amarya. Tasa ita ce ta ɗaya, taki ta biyu. A tasa ya ce ya bar ki, a taki ya ce shi marigayi ne. Mutumin nan layi ya tsara, ya sa kansa a gaba. Bai kira ki ba, wuce ki ya yi. Ko a can ma hutu yake nema."

"Rufe mini baki, mai kan kwakwa."

"Bari mu ga taki a cikakkiyar takarda. Katin rabi ne, ya yanke ƙasan. Wataƙila a nan ya rubuta sakin."

Ya mai da 31 zuwa 32, ya tura. Takardar ta fito. Saman mun san shi, mun haddace. Amma ƙasan da kati bai taɓa ɗauka ba ya ci gaba. Ta bar 'ya'ya, ga sunayenmu biyar. Jikoki, ga su nan a jere har da Imrana da Naja'atu. A ƙarƙashinsu an rubuta tattaɓa-kunne, sannan lambobi daga ɗaya zuwa goma sha biyu, kowace da layin ɗige-ɗige a gabanta, babu suna ko ɗaya. Lokacin da Baba ya rasu ba a haifi ko guda ba.

Imrana ya ƙirga su da ƙarfi yana dungurin takardar, ya kai ta har gaban hancinta.

"Goma sha biyu. Kina da nawa yanzu?"

Ta kau da kai.

"Delu, tambayarki nake."

"Uku," ta ce.

"Uku. Saura tara, kike ɗaure ƙulli? An ba ki aiki kin yi rubu'i, za ki je ki ce masa me? Kin san halinsa, takarda in ba ta cika ba ba ya karɓa. Daga bakin ƙofa zai koro ki, ki dawo mini nan da ƙura."

Inna ta dubi layukan, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Leɓenta ya fara rawa, na ɗauka kuka ne zai zo, na yunƙura. Sai dariya ta kufce mata, irin wadda ke fitowa tare da hawaye, har ƙullin ya zame daga cinyarta ya faɗi a kan benci.

"Goma sha biyu," ta ce tana goge ido da bakin mayafi. "Malam bai taɓa tambayata ba, ya yanka mini aiki. Haka yake, ko cefane ne sai ya rubuta." Ta juya kan Imrana. "To ai kai ne ka tsare ni a duniya, gwauron banza. Da ka yi aure da na rage biyu."

"Shi ya sa na ƙi. Ina sane."

"Ka ci wannan," ta ce, ta watsa masa daƙuwa. "Rahma, ina ƙwayoyin nan na tension? Ki aika maƙwabta gidan Asibi a ce ta dawo mini da babbar tukunyata, aro na ba ta. Da me za a dafa abincin bikin?"

Na miƙo mata maganin da ruwa kafin ta canza shawara, na tsaya a kanta sai da na ga ta haɗiye. Imrana ya cire lambobin bakwai daga katin Naja'atu, ya buga, ya fito fari tas da sunan amarya da na ango. Inna ta karɓa ta tofa masa albarkar da ta kwana uku tana jira. Sannan ya tambaye ni ko ya share rumbun firintar gaba ɗaya, kada a sake irin wannan.

"Ka share, in share ka," in ji Inna. "Rubuta mini lambobin nan a takarda."

"Me za ki yi da su? Laya?"

"Rubuta dai."

Ya yage gefen wani lalataccen kati ya rubuta su bakwai, ya miƙa mata. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da goro fari guda, ta naɗe shi a cikin takardar, ta kamo hannunsa ta danƙa masa ta rufe yatsunsa a kai.

"Ga goron da ka kasa kawowa, ni na ba ka. Takardar kuma ka adana. In ranar ta zo, kada a kai ni wani shago a ɓata mini suna. Kai za ka zauna a kujerar nan ka danna, ka cika layukan da hannunka. Kuma ban da kuka a kan takardar mutane, ka jiƙa masa tawada."

Imrana ya dubi hannunsa. Na jira in ji abin da zai mayar, don bai taɓa barin ta da ta ƙarshe ba.

"Tawadar wannan ba ta jin ruwa," ya ce. Ya juya mana baya, ya daɗe yana naɗe wayar da ya riga ya naɗe.